Filin Marigayi, Hanyar Ruwa da Lungu Mai Ƙafa Huɗu

A tsakiyar layinmu, a ɗaya daga cikin tsofaffin shimfiɗun gwamnati da ke wajen ganuwar Kano, akwai wani gida mai faɗin ƙafa 100 da tsawon ƙafa 100, wanda katangarsa ta gabas ita ce katangata ta yamma. Tun da na tare a unguwar na san shi da darbejiya biyu a gaba da mangwaro guda a tsakar gida, ginin kuwa yana can baya, bai ci ko kashi ɗaya cikin uku na filin ba. Mai gidan tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya samu filin a zamanin da ake yanka fulotai masu yalwa. Allah ya yi masa rasuwa shekara biyu da suka wuce, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai, maza uku da mata huɗu. Wata Asabar da safe muka fito muka tarar da safiyo da yaransa suna jan awo, dillali yana biye da su yana amsa waya, kafin azahar kuwa an kafa turaku an raba filin gida huɗu, kowanne kusan hamsin-hamsin, an bar wani siririn lungu mai ƙafa huɗu a tsakanin fulotan gaba domin masu na baya su samu hanyar shiga.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne a hana yankan nan gaba ɗaya. Sai da na zauna na yi lissafin gadon da kaina sannan na gane cewa magadan ba son zuciya ne ya kai su ba. Filin murabba'in ƙafa 10,000 ne. Matar marigayin tana da tumuni, wato 1,250. Abin da ya rage za a kasa shi kashi goma, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ta ɗauki ɗaya, ke nan kowane ɗa namiji yana da 1,750, kowace 'ya mace kuma 875, wanda bai wuce ƙafa 25 a ƙafa 35 ba. Babu yadda za a yi mutum takwas su tsaga wannan fili kowa ya tsaya a kan rabonsa a ce an samu gidajen zama. Dole a sayar da wani sashe a raba kuɗi, kuma kowa ya san cewa a kasuwar filaye ta yau masu iya sayen hamsin-hamsin sun fi masu iya sayen ɗari-ɗari yawa nesa ba kusa ba, don haka ƙananan fulotai huɗu sun fi babba guda ɗaya saurin shiga da kuma tsada idan an haɗa kuɗinsu. Cikin 'ya'yan akwai mai neman jari, akwai wadda mijinta ya rasu tana riƙe da marayu, akwai mai karatu. Wanda duk ya ce su bar filin haka nan domin mu ci gaba da shan inuwar darbejiya, to ya nemi su biya kuɗin jin daɗinmu daga aljihunsu.

Mai unguwa ya tara mu a zaurensa bayan sallar la'asar, da mu maƙwabta kusan goma, da liman, da babban ɗan marigayin. An faɗi maganganu da yawa a wannan zama, kuma tun a wurin na lura cewa ba nauyinsu ɗaya ba, ko da yake duk da zafi iri ɗaya aka faɗe su.

Maganar ruwa ni na kawo ta, domin ni abin zai fi shafa. Layinmu yana da gangare daga yamma zuwa gabas, gidana kuma yana ƙasa da na marigayin. Shekara da shekaru tsakar gidansa, wadda ƙasa ce zalla ba siminti, ita take shanye mafi yawan ruwan da ya sauka a kanta, abin da ya yi saura ya bi ta wata kafa a gindin katanga ya faɗa lambatun bakin titi. Lissafin ba shi da wuya: ƙafa 100 a 100 ya kai kusan murabba'in mita 930, idan kuwa aka yi ruwa mai zurfin milimita 50, irin wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, to lita dubu 46 da 'yan kai ne suka sauka a wannan fili kaɗai, wato fiye da jarka 1,800 irin ta 'yan garuwa. Idan an gina gidaje huɗu, an rufe su da kwano, an shafe tsakar gidajen da siminti kamar yadda kowa yake yi yanzu, ƙasa ba za ta sha ko kaɗan ba, kuma gidajen baya biyu ba su da wata mafita sai wannan lungu mai ƙafa huɗu ko kuma gindin katangata. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin mun ga abin da ya biyo bayan cike kududdufai a cikin birni da gina gidaje a kansu: ruwan da yake taruwa a can bai daina sauka ba, ɗakunan mutane ya koma.

Wani dattijo da gidansa yake bayan filin ya kawo maganar masai da rijiya. Yana da rijiya kusa da katangar, kuma daga ita iyalinsa suke sha idan famfo ya ɗauke, wanda shi ne mafi yawan lokaci. Masana tsaftar muhalli sukan ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha, alhali fuloti hamsin-hamsin gaba ɗayansa bai wuce mita 15 da ɗoriya ta kowane gefe ba. A gaskiya ko a manyan fulotanmu ba kowa ne ya cika wannan tazara ba, amma ramin masai ɗaya a nesa daban yake da ramuka huɗu a kusa. Sai kuma maganar lungun, wadda liman ne ya fi kowa iya faɗinta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba mota nake tunani ba. Ranar da aka yi rasuwa a gidan baya, ta ina makara za ta juya?" Zauren ya yi tsit. Daga nan wani ya ƙara da motar kashe gobara, da motar kwasar masai, da mai naƙuda da tsakar dare. An kuma taɓo taransifomarmu da ta riga ta gaji, da motocin da za a riƙa ajiyewa a bakin titi tunda babu wurin shigar da su.

Maganar taga ta ɗauki lokaci. Kowa ya san cewa wanda ya sayi ƙaramin fili sama yake nufa, kuma bene a kan hamsin-hamsin ba shi da inda zai buɗe tagoginsa sai kan tsakar gidan maƙwabci, inda mata suke girki da wanki ba lulluɓi. Liman ya ce wannan tsohuwar mas'ala ce a fikihun Malikiyya, malamai sun daɗe da yin hukunci cewa tagar da take leƙa cikin gidan maƙwabci ana toshe ta ko a ɗaga ta sama yadda mai tsaye ba zai hango komai ba, kuma asalin hukuncin shi ne hadisin nan da ya hana cuta da cutarwa. Ya kuma kawo hadisin da ya ce idan an yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, wanda ya haura mita uku, wato kusan ninki uku na lungun da dillali ya bari. Wani maƙwabcinmu mai hali ya tambaya ko yana da haƙƙin shufu'a, a fara yi masa tayin fulotin da yake jikin gidansa kafin bare. Liman ya ba shi amsa cewa a mazhabarmu shufu'a ta abokin tarayya ce a cikin dukiyar da ba a raba ba, malaman Hanafiyya ne suka ba maƙwabci wannan haƙƙi, saboda haka idan magada sun fara yi masa tayi kyautatawa ce, idan ba su yi ba babu wanda zai tilasta su. Ban taɓa sanin wannan bambanci ba sai ranar.

Akwai kuma magana ta ƙarshe, wadda aka fi maimaitawa a bakin masallaci duk da cewa a zauren an faɗe ta ne a kaikaice: ba mu san su wa za a kawo mana ba. Ana nufin 'yan haya, da gwagware, da waɗanda ba 'yan gari ba. Wannan ita ce maganar da ban yarda da ita ba, kuma na faɗi haka a wurin ko da yake wasu ba su ji daɗi ba. Ƙasar da gidajenmu suke kai gonakin mutanen ƙauye ce kafin gwamnati ta karɓa ta shimfiɗa, kuma babu wanda ya tambayi masu gonakin ko sun yarda da halinmu kafin mu tare. Ƙidayar 2006 ta nuna jihar Kano tana da mutum sama da miliyan tara, babban kaso daga cikinsu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. 'Ya'yanmu da muke yi wa aure kowace shekara a gidajen haya suke tarewa, a unguwannin wasu. Idan kowace unguwa ta ce ba ta son ƙaramin fuloti, to an tura matasa can bayan gari inda ake awon igiya, inda dillali da mai gona suke yanka fili da igiya da turaku ba tare da barin titi ko makaranta ko magudanar ruwa ba, sannan mu dawo muna kukan birni ya lalace.

Babban ɗan marigayin ya saurari komai cikin ladabi, amma da aka matsa sai ya ce, "Baba, da girmanku, filin nan na mahaifinmu ne, da takardarsa, ina ganin muna da ikon mu yi yadda muka ga dama da shi." Mutane da yawa haka suka ɗauka, kuma ba haka doka ta ce ba. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki, dukkan ƙasar da take cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama. A Arewa ma wannan tsari ya girmi 1978, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 da dokokin Turawa na 1910 da 1916 duk a kan wannan turba suke. Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana mai takardar shaidar mallaka, wadda kowa yake kira C of O, ya sayar ko ya jinginar ko ya miƙa filinsa ko wani yanki nasa ga wani ba tare da amincewar gwamna ba. Takardar marigayin ta fuloti ɗaya ce mai lamba ɗaya da zane ɗaya, an kuma ba shi ita ne domin gidan zama. Wanda ya sayi rubu'in wannan fili da takardar ciniki da sa hannun shaidu kawai, ya riƙe shaidar cewa ya biya kuɗi, amma a wurin gwamnati fulotinsa bai wanzu ba, ba zai samu izinin gini da sunansa ba, banki kuma ba zai karɓi takardarsa ba. Hanyar da ta dace ita ce magada su nemi izinin rarraba filin a ma'aikatar ƙasa, ita kuma ta nemi ra'ayin masu tsara birni, wanda a Kano aikin hukumar KNUPDA ne, wadda dattawa har yanzu suke kira da tsohon sunanta na KASEPPA. Tun bayan rushe-rushen watan Yunin 2023, lokacin da aka sauke gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, masu saye sun ƙara tsoron fili mai raunin takarda, kuma ina zaton wannan tsoro ya fi duk maganganunmu tasiri wajen sa magadan su bi ta ofis.

Sun shigar da takardar nema tare da zanen safiyo, mu kuma muka rubuta takardar koke. A nan ne muka yi gardamar da ta fi ta zauren mai unguwa zafi, domin wasu sun so a rubuta komai, har da maganar 'yan haya da tarbiyyar yara. Wani maƙwabcinmu da ya yi aikin gwamnati shekara talatin ya ce mu cire duk abin da ba za a iya aunawa da tef ko a gani da ido ba, domin jami'in da zai karanta ba shi da hurumin yin hukunci a kan halin mutumin da bai ma sayi filin ba tukuna, kuma magana ɗaya mara tushe takan zubar da darajar sauran. Muka tsaya a kan abu huɗu, wato ruwa da masai da lungu da taga, muka haɗa da hotunan layin da wani ya ɗauka da waya a daminar bara lokacin da ruwa ya kai gwiwa, mutum tara suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatiminsa.

Bayan makonni jami'ai biyu suka zo duba wurin. Na tsaya ina kallon abin da suke dubawa, kuma ya koya mini abubuwa. Ba su tambayi kowa ra'ayinsa a kan magadan ko masu saye ba. Sun buɗe tsohon zanen shimfiɗar unguwar suka gwada shi da abin da yake ƙasa, suka nemo duwatsun iyaka na asali, ɗaya ma sai da aka tona domin ƙasa ta binne shi, suka auna faɗin titi da zurfin lambatu, suka zagaya suka leƙa kafar ruwan da take gindin katanga. Babban cikinsu ya tsaya a bakin turakun lungun, ya buɗe hannayensa biyu, yatsunsa suka wuce turakun ta kowane gefe, ya kalli dillalin bai ce komai ba. Da na ce masa, "Yallaɓai, tagogin fa?" sai ya ce wannan ba yanzu ba ne, sai ranar da mai fuloti ya kawo zanen gininsa, a lokacin ne ake duba tazarar gini daga katanga da tsawonsa da inda tagogi suke kallo, abin da yake gabansu yau shi ne ko kowane yanki zai iya zama gida mai hanyar shiga da hanyar fitar ruwa. Ya kuma nuna mini, cikin raha, cewa rumfar motata ta ɗan shiga cikin titi da kusan ƙafa biyu. Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muka samu labari tun farko. Babu wanda ya sanar da mu, turaku muka gani. Da magadan sun bi shawarar dillali sun sayar a ɓoye, da sai dai mu wayi gari mu ga tifa tana sauke yashi, kuma kowa ya san cewa hana gini kafin a sa bulo abu ne mai sauƙi, rushe shi bayan an kai linta kuwa gaba ce ta har abada tsakanin gidaje biyu. A Ingila, misali, idan aka nemi izinin irin wannan aiki, ƙaramar hukuma takan aika wa maƙwabta wasiƙa ko ta manna sanarwa a wurin, a ba su kwana 21 su rubuto abin da suke gani. Ba sai mun kwafo tsarin kowa ba, muna da masu unguwanni da suka san kowane gida da kowace kwata. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne, saboda haka babu abin da zai hana jiha ta shar'anta cewa duk mai neman rarraba fuloti a unguwar da aka riga aka zauna sai an manna sanarwa a ƙofar filin, an kuma kai kwafi ga mai unguwa, kafin a duba takardarsa. Wannan zai kare magada ma, domin koken da aka kawo cikin wa'adi aka amsa shi ba zai dawo ya tare su ranar da suka fara gini ba.

Shawarar da ta fito ita ce a sake zane. Maimakon fulotai huɗu za a yi uku: biyu a gaba, kowanne ƙafa 44 a 50, da guda ɗaya a baya mai ƙafa 100 a 50 wanda ya haɗa da tsohon ginin da mangwaron, inda Hajiya, matar marigayin, za ta ci gaba da zama da ƙananan 'ya'yanta. Lungun zai koma gefen gabas, ya zama ƙafa 12, da magudanar ruwa a jikinsa har zuwa lambatun titi. Magadan sun yi asarar murabba'in ƙafa 600 a hanya maimakon 200 da suka yi niyya, sun kuma rasa fuloti guda da za su sayar, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mutanen da suke jiran rabonsu shekara biyu. Ni kuwa na wayi gari da lungu da magudana a jikin katangata maimakon bangon wani, ban biya ko sisi ba. Wannan bai kwanta mini ba, don haka na je na samu babban ɗan na ce ni zan ɗauki nauyin siminti da bulon magudanar, wasu maƙwabta biyu kuma suka ce za su biya leburori. Ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa, bayan kwana uku ya aiko ƙaninsa ya ce sun amince.

Takardar tana can tana jiran sa hannu, tsofaffin turakun kuma har yanzu suna nan a inda safiyo ya kafa su, sai dai awaki sun tumɓuke biyu. Dattijon mai rijiya bai gamsu ba, yana cewa ba a ce komai a kan ramukan masai ba, kuma ya riga ya rubuta wata takardar ya ajiye domin ranar da za a kawo zanen gini. Darbejiyar da take gefen gabas tana tsakiyar inda sabon lungun zai bi, an riga an yi ciniki da mai sayen itace, ya ce zai zo da zarto bayan sallah. Ni kuma na kira mai walda ya matsar da rumfar motata ciki.